Abdulmuminu Mai Jita, Makaɗin Yankan Riɗi na Gadarif

Haihuwa da asali

An haifi Abdulmuminu Ɗahiru a garin Gadarif, gabas da Khartum, cikin daminar shekarar 1961, shi ne na huɗu a wurin Malam Ɗahiru Tijjani da matarsa Batulu. Kakansa Tijjani mutumin Haɗeja ne, ya fito a ƙafa da niyyar aikin hajji, ya sauke farali, a hanyar komawa ya tsaya a Gadarif don ya yi noma ɗaya ya sami guzuri, kuma a nan aka binne shi bayan shekara arba'in. Ba a rubuta ranar haihuwar Abdulmuminu ba. Batulu takan ce dai a lokacin dawa ta kai gwiwa.

Mai wannan rubutu matarsa ce, Bakhita, wadda karatunta bai wuce aji huɗu ba. Abin da ya faru kafin aurensu daga bakinsa ta ji shi, abin da ya biyo baya kuwa da idonta ta gani.

Karatu

Yana shekara biyar mahaifinsa ya sa shi a makarantar allo da ke zauren gidansu, wadda a nan ake ce wa khalwa. Malam Ɗahiru mutum ne mai tsanani a kan karatu, ba ya barin wasali ɗaya ya kauce, kuma yakan ce abin da ka karɓa daga bakin wani amana ne, ka mayar da shi yadda ka karɓe shi. Abdulmuminu ya haddace izu ashirin, ya kuma gama firamare a shekarar 1975. Bai ci gaba ba, domin hankalinsa yana wajen inji.

Aiki da samun kaset

A shekarar 1978 ya tafi Fau ya koyi tuƙi da gyaran tarakta, sana'ar da ya riƙe iyali da ita har ƙarshen rayuwarsa. Cikin rani na shekarar 1981 ya raka lorin dawa zuwa Gallabat, bakin iyakar Habasha. Da tsakar rana, a inuwar wata mota, ya ji wani kiɗa yana fita daga rikodar wani direba Bahabashe, kiɗa mai nauyi da ƙara irin wanda bai taɓa ji ba. Ya ce ya tsaya da kofin shayi a hannu har shayin ya huce. Kaset ɗin ba rubutu a jikinsa, direban ma bai san masu kiɗan ba, ya ce wani Bature ne ya manta da shi a motarsa. Abdulmuminu ya ɗauko tasa rikodar, suka jera su baki da baki, ya ɗauki waƙa takwas. Tsakanin ta uku da ta huɗu ana jin tarin direban. Batirin rikodar Bahabashen ya yi sanyi a ranar, amma ba wanda ya kula, kuma sai bayan shekara arba'in da uku aka san abin da hakan ya jawo.

Tun da ba su da suna, sai ya laƙaba musu 'Yan Tsawa. Bai taɓa gajiya da yabonsu ba. Yakan ce mai gangarsu ba don rawa yake bugu ba, bugu yake yi irin na mai saran itace. Mai jitarsu kuwa, in ya ja sauti, kamar tarakta ce ta faɗa laka tana ƙoƙarin fita, kuma kullum sai ta fita. Mawaƙin kuwa, a zatonsa dattijo ne baƙi mai faɗin ƙirji, wanda ya sha wahalar duniya. Ya ce mutum huɗu ne kacal, amma ba wanda ke taka ƙafar wani, kuma da masu gyaran inji za su yi aiki haka da ba motar da za ta kwana a gareji.

A shekarar 1983 ya sami tsohuwar jita mai aiki da lantarki daga hannun wasu makaɗan biki a Madani. Ya haɗa mata akwatin sauti da kansa daga cikin tsohuwar rediyo da batirin tarakta. Wata shida yana neman wannan gurnani na 'Yan Tsawa bai samu ba, sai ranar da sukuddireba ta kuɓuce masa ta yaga takardar lasifika. Shekara huɗu ya yi yana haddace waƙoƙin nan takwas, gaɓa gaɓa, kamar yadda ya haddace allo, da niyya ɗaya: ya buga su daidai yadda masu su suka buga, ba ragi ba ƙari. Kalmomin kuwa bai taɓa rera su ba, ya ce abin da bai san ma'anarsa ba ba zai sa shi a bakinsa ba.

Aure da iyali

An ɗaura aurensa da Bakhita Abdulhamidu bayan ƙaramar salla ta shekarar 1986. Kafin aure ya kawo rikodar ƙofar gidansu ya kunna mata, ya ce gara ta ji tun yanzu. Ta ce masa: "Injin niƙa ne ya lalace?" Ya ce: "To da wannan injin za ki zauna." Ta zauna da shi kusan shekara talatin da tara. Malam Ɗahiru bai taɓa son kiɗan ba, amma da ya ga ɗansa ba ya rasa sahun farko a masallaci, sai ya ce a dai nisanta shi daga zaure.

Kiɗan gona

Wanda bai san riɗi ba ya kamata ya sani cewa in ya nuna ba ya jira. Kwanaki kaɗan ne tsakanin nunarsa da fashewar kwansonsa, kuma mai yanka in ya yi garaje ya girgiza karan, ƙwayar a ƙasa za ta zube. A shekarar 1988 aka yi ruwa mai yawa, riɗi ya nuna gaba ɗaya, hannu ya yi kaɗan. Mutanen unguwa suka kira gayya, wadda Larabawa ke ce wa nafir. Hamoda, ɗan kawun Abdulmuminu, shi ne mai gangar noma, gadon gidansu ne. A rana ta biyu hannunsa ya kumbura, sai ya ce wa Abdulmuminu cikin zolaya ya kawo injin niƙansa ya taya shi. Abdulmuminu ya ɗora akwatin a tirela, ya buga ta farko daga cikin takwas ɗin, Hamoda ya bi shi da hannu ɗaya. Sai ga shi bugun ya zo daidai da aikin: a sunkuya, a ja lauje, a ɗaure dami, a taka gaba. Gonar da aka yi wa lissafin kwana biyar aka gama ta a uku, ba wanda ya faɗi.

Daga wannan shekara ba a sake yankan riɗi a gonakin unguwar ba tare da su biyun ba. A shekarun casa'in, da aka tsananta wa masu kiɗa a cikin gari, jitar takan yi rani a cikin buhu ƙarƙashin gado, in kaka ta zo a fita da ita gonaki masu nisa inda ba mai tambaya. Manoma daga Fau suka riƙa aiko masa. Matasa da dama sun koya a hannunsa, kuma bai taɓa barin ɗayansu ya ƙara ko ya rage ba, yakan ce: "Ba namu ba ne, ya walad, yaro na. Na mutane ne, riƙo aka ba mu." Zuwa shekarar 2010 akwai ƙungiya uku a yankin da ke buga waƙoƙin nan, duk daga gare shi. A shekarar 2020 ya kai kayan abinci sansanin Um Rakuba a tirela, ya ji wani Bahabashe ɗan gudun hijira yana yin ta biyar da fito a bakin tanti. Mutumin ya ce a gonakin Gadarif ya koye ta lokacin da yake zuwa ƙwadago.

Zuwan Ustaz Elfadil

Yaƙin da ya ɓarke a shekarar 2023 ya koro mutane daga Khartum, sa'an nan daga yankin Jazira, suka cika makarantu da gidajen Gadarif. Abdulmuminu ya ba iyali biyu ɗakuna a gidansa. Ɗaya daga cikinsu iyalin Ustaz Elfadil ne, malamin kiɗa daga Khartum, mai shekara hamsin da wani abu, wanda ya fito ba komai sai wayarsa. Wata safiya a watan Fabrairu na shekarar 2024 ya ji Abdulmuminu yana gwada jita a tsakar gida, ya fito da sauri ya faɗi sunan masu waƙar, ya ce duniya duk ta san su. Mai wannan rubutu ba ta iya rubuta sunan ba, na Turanci ne. Ustaz ya kunna waƙar a waya, ya nuna hotonsu. Turawan Ingila ne huɗu masu dogon gashi, mawaƙin siririn saurayi ne mai siririyar murya, kuma kiɗan yana gudu kamar an biyo shi. Ustaz ya saurari tsohon kaset ɗin, ya yi dariya ba da mugunta ba, ya ce: "Ya Hajj, wanda ya ba ka wannan batirinsa ya mutu. Ka ja su a hankali shekara arba'in."

Abdulmuminu ya saurari duka takwas ɗin a wayar. Da ya gama ya mayar da jitar cikin buhu. Matarsa ta yi masa magana, ya ce: "Na ce wa yaran mutane haka ake bugawa, ashe ba haka ba ne. Da wane ido zan dube su?" Wata takwas bai taɓa ta ba. Ya rame, ya daina zama a ƙofar gida, almajiransa na kiɗa in sun zo sai ya ce a ce yana barci.

Kakar 2024

A daminar shekarar, mutanen unguwa suka ware wa 'yan gudun hijira gona guda suka shuka riɗi, abin da za su dogara da shi ke nan. Ya nuna a watan Oktoba. Masu yankan malaman makaranta ne, da ma'aikatan ofis, da matan da ba su taɓa riƙe lauje ba. Abdulmuminu ya ƙi fita, ya ba Ustaz jitar ya ce shi ne ya san daidai. Ustaz ya hau tirela ya buga daidai ɗin, kuma ya iya ƙwarai. Hamoda, wanda ya haura saba'in, ya bi shi na ɗan lokaci ya ajiye makaɗi. Masu yanka suka bi saurin kiɗan, suna fizgar kara, ƙwaya tana zuba, kafin hantsi rabinsu suna kwance a gindin itace. Wata mata daga Madani mai suna Manal ta ɗago ta ce: "Ya Ustaz, mun gudu daga Khartum, mun gudu daga Madani, a nan ma gudu za ka sa mu?"

Da azahar Ustaz ya dawo gida a ƙafa, ya tsaya a bakin ɗakin Abdulmuminu da jitar a hannu. Ya ce: "Ya Hajj, nawa daidai ne, amma riɗi zubewa yake yi. Ma'alesh, ka yafe mini dariyar da na yi. Ka zo ka buga naka." Abdulmuminu ya ce nasa kuskure ne. Matarsa, da ke tankaɗe a tsakar gida, ta ce: "Kuskuren nan shekara talatin da shida yana cika mana rumbu. Tashi ka sa takalmi, Baban Abuelgasim." Sai ya tashi.

Bayan la'asar ya hau tirela, Hamoda ya ɗauki makaɗinsa. Da ya ja sautin farko tsofaffin manoman unguwa suka yi kabbara, mata suka yi guɗa, baƙin kuma suka ga yadda ake sunkuyawa da kiɗan suka bi. Kwana huɗu aka yi, aka ɗaure damin ƙarshe ranar Alhamis kafin kwanso ya fashe. Ustaz ya zauna a gefen tirelar duk kwanakin yana koyon waƙoƙin da ya sani tun yana saurayi, a sabon nauyi, Abdulmuminu yana tsayar da shi in ya yi sauri. Daga baya ya tara almajiransa ya faɗa musu gaskiyar abin da ya faru a Gallabat, ya kunna musu na asali, ya ce su koyi duka biyun. Game da 'Yan Tsawa kuwa ƙaunarsa ƙaruwa ta yi. Yakan karɓi wayar Ustaz ya dubi hoton ya ce: "Ashe yara ne, shi ya sa suke sauri. Amma kiɗan da za a ja shi haka bai karye ba, ƙwararru ne suka ƙera shi."

Rasuwa

Bayan girbin dawa hawan jini ya kwantar da shi kwana tara. Ya rasu a gidansa da hantsin ranar Talata, 14 ga Janairu 2025, daidai da 14 ga Rajab 1446, yana da shekara sittin da uku. Ƙanensa ya yi masa wanka, Hamoda da Ustaz Elfadil suna cikin waɗanda suka ɗauki makara. An yi masa salla bayan azahar, aka binne shi a maƙabartar unguwa kusa da mahaifinsa. Manoma sun zo daga Fau a kan tarakta bakwai, 'yan gudun hijirar da suka yanki riɗin nan suka cika sahu uku.

Ya bar matarsa Bakhita da 'ya'ya biyar: Abuelgasim, mai gyaran tarakta a Fau, Tasneem, malamar asibiti, Abdelaziz, manomi, Manahil, tana aure a Gallabat, da Ilaf, auta, wadda yaƙi ya tsayar mata da karatun jami'a. Ya bar jikoki goma sha ɗaya. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata masa makwanci, Ya ba mu haƙurin rashinsa.