Kawu Bawa da Baturen Ilimi

Ku da kuka san Kawu Bawa na Danchadi kun san ba a faɗa masa magana ya yarda. Ko rijiya ka ce ta ƙafe, sai ya ce, "Wa yac ce?" ya je ya leƙa. Ranar da aka ce jakinsa ya mutu, sai da ya aza masa mangala ya daka tsawa, "Tashi, munahiki!" Jama'a na dariya, shi ko gezau.

To, wannan taurin kai ya kai wa Bature a kaina. Zamanin Turawa ne, na ci jarrabawar shiga jami'a a Kudu don karatun likita, sai amsa ta zo wai shekaruna sun wuce. Ni na kwanta ciwo. Kawu ya finciko ni daga tabarma, sai Sakkwato, ofishin Baturen ilimi, ni ne tafinta.

"Tambaye shi, shi yah haihe ka?"

"Kawu, ba a faɗa wa Bature haka."

"Hwaɗa mishi! Ni niy yanka ragon sunanka, shi shina ina?"

Na sassauta na fassara. Bature ya ce magana ta ƙare. Kawu ya shimfiɗa buzu a bakin ƙofar ofis, ya kwance buhun albasar fadamarsa, ya shiga ci ɗanya. Kullum! Masinja ya yi roƙo har da rantsuwa, akawu ya koma aiki da rawani a hanci. Ƙarshe Bature ya fito yana fifita da hula, ya ce zai rubuta a sake duba maganata.

An sake dubawa, an sake hanawa. Daga baya muka ji gurbin nawa ɗan wani hakimi aka ba, mutumin da ya girme ni, har da gemu. Kawu ya ce, "Ikon Allah! Wanga yaro da gemu anka haihe shi?" Mutane suka fashe. Ni ban yi dariya ba, har yau kuma ba ta zo mini ba.

Na ƙare malamin elemantare a Shagari, alli na cin yatsuna. Amma Kawu bai taɓa kirana Malam ba, sai Likita. A kasuwar Bodinga yakan ƙwala mini kira, mata su taso da 'ya'ya masu zazzaɓi, ni kuwa in rasa inda zan sa kaina.

Da ciwon ajali ya kama shi, aka ce a kai shi asibiti. Ya riƙe hannuna gam, ya ce, "Ku bar ni, ga likitana." Ba ni da abin ba shi sai ruwa a ludayi. Ya kurɓa, ya ce ya ji sauƙi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa, Ya sanyaya makwancinsa. Amin.