Ɗigon Fa

Lokacin da na gama zangon farko na karatun kwamfuta a foli, wato kwalejin fasaha, mahaifina bai so in koma ba. Malamin makarantar allo ne a Gummi, idanunsa sun fara rauni, yana son in zauna in riƙa biya wa ɗalibai karatu. Bai hana ni kai tsaye ba. Cewa ya yi kafin hutu ya ƙare in nuna masa abin da na koyo, in ya ga amfaninsa in koma.

A makaranta an fara koya mana wani tsari na gina manhajar da ke aiki a cikin burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet. A shafi ɗaya kake tsara fuskarta, a wani ka rubuta umarnin da ke motsa ta, sannan ka ɗaure su. Sai na yanke shawarar yin manhajar koyon babbaƙu: haruffa a jere a sama, hoton allo a ƙasa, murya ta kira sunan harafi, mai koyo ya jawo shi da maus ya ɗora a kan allon.

Tun daga farko aikin ya ƙi ni. Tsarin ba ya tashi sai an saka wa burauza wani ƙari, ni kuwa laftof ɗina tsoho ne, babu shi a ciki. Kullum da hantsi sai in ɗauki modem in tafi wajen tasha, inda netwok ya fi ƙarfi, in zauna a bencin mai cajin waya. Abin ya yi ta saukowa, ya kusa ƙarewa, ya yanke. Washegari in sake daga farko. Mai cajin har ya daina tambayata.

Da ya sauka kuma sai haruffan suka fito daga hagu zuwa dama. Na juya su, sai maɓallan ma suka juye. Na gyara wannan, sai harafi ya riƙa bin maus har bakin allo, da na sake shi ya koma inda ya fito. Kwanaki ina bin umarnin layi-layi, ashe suna ɗaya ne na rubuta da babban baƙi a wani shafi, da ƙarami a ɗayan. Babu wanda zan tambaya. Abokin karatuna mafi kusa yana Anka, shi ma in na kira shi cewa yake yi in kashe in kunna.

Muryar kuwa tawa ce. Na rufe ɗaki na naɗi sunan kowane harafi a hankali don kada a ji ni a tsakar gida. Na kuma naɗi amsoshi biyu: "Madalla" in an dace, "Ba daidai ba" in an kuskure. Na gwada kowane harafi, na sake gwadawa, ban ga aibu ba.

Ranar nunawa, bayan la'asar, Baba ya zauna a kan buzunsa a zaure, na ajiye laftof a gabansa. Inna, mahaifiyata, ta tsaya daga bakin ƙofar cikin gida. Baba ya ce shi ba zai taɓa ɓeran ba, wato maus, zai nuna da yatsa, ni in ja.

Murya ta kira alu, ya nuna, ta ce madalla. Ta kira ba, ta kira jim, duk madalla.

"Ashe tana da ladabi," in ji Inna.

Sai murya ta kira ƙaf. Baba ya matso da fuskarsa, ya ɗora yatsa a kan harafi mai ɗigo ɗaya a sama. Na tsaya. Ya ce, "Ja mana." Na ja.

"Ba daidai ba," in ji muryata, da ƙarfi, a cikin zauren mahaifina.

Inna ta rufe baki da gefen mayafi. "Kai! Malam kaka ce ma haka?"

"Ba ni ba ne, Inna, na'urar ce."

"To muryar wa na ji?"

A rubutun allonmu, fa ɗigonta a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama. A haruffan kwamfuta, mai ɗigo ɗaya a sama shi ne fa, ƙaf ɗigo biyu ne. Na san duka biyun, amma idona ya saba da na bugun littattafai. Na yi wa Baba bayani. Bai yi fushi ba. Ya ce ya san rubutun gabas, ba kuskure ba ne a wurinsu.

"Amma ɗiyan makarantar ga ba shi suka karanta ba. Maida ɗigon ƙasa."

"Baba, ba ya matsuwa. Haka harafin ya zo."

"Kai ka gina abin, ɗigo guda ya gagare ka?"

Na ce zan gyara. Ya ce to, in na gyara mu sake zama, sannan a yi maganar komawa.

Na koma bencin tasha neman salon haruffa irin namu. Wanda na samu, tsarin ya nuna shi akwatuna-akwatuna. Na zana fa da ƙaf da kaina na saka su a matsayin hoto, sai suka fito kamar baƙi a cikin 'yan gida, ga shi ba sa haɗuwa da sauran haruffa. Dole in zana duka, kowane da siffarsa ta farko da ta tsakiya da ta ƙarshe, in sake rubuta umarnin jan su.

Da safe ina biya wa ɗalibai karatu, da rana ina zane. Abokina ya kira daga Anka ya ce an buɗe rajista. Ya sake kira ya ce motarsu ta tashi. Ranar da ya kira ya ce an rufe rajistar, ina kan harafin sad, wutsiyarsa ta ƙi zama a kan layi.