Fatar da Malam Garba Ya Naɗa Wa Ƙofar Motata

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina ɗaura igiyar takalmi da safen nan waya ta shigo daga Aujara, wai Malam Garba ya rasu bayan sallar asuba. Takalmi ɗaya a ƙafa na zauna a dakali, na kasa tashi.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tare muka koyar a wata sakandare nan Dutse kafin ya yi ritaya ya koma gida Aujara. Shi lissafi, ni Hausa. Ya kusa haifata, amma shi ne ya matsa mini gefe a teburinsa ranar da na fara aiki, ya turo mini rabin ƙosansa ko sunana bai tambaya ba.

Ɗan gidan dukawa ne, kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Basilla da zare ba sa barin aljihunsa. Jakar ɗalibi ta tsinke, ya ɗinke yana yi masa faɗan lissafi.

Abin da ba zan manta ba shi ne maganar ƙofar motata.

Kun dai san tsohuwar motar nan tawa da kuke yi wa tsiya a ɗakin malamai. Ƙofar baya ta dama ta fara ƙara, ko 'yar tsakuwa aka taka sai ƙwaram-ƙwaram. Ni ko a jikina, rediyo nake ƙure wa murya.

Amma Inna, mahaifiyata, ta ce ba da ita ba. Tana budurwa ƙofar mota ta taɓa buɗewa da su a hanyar biki, ƙanwarta ta faɗo, har ta koma ga Allah tana ɗingishi. Ga shi Inna na da ciwon suga, kowane wata sai ta ga likita. Ba ta hawa babur, ba ta yarda da motar haya. Ranar asibiti ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce, ƙafarta ta fara kumbura. Na yi lallashi, na yi rantsuwa ƙofar ba za ta buɗe ba.

"Abin da yake kuka haka ai yana da niyya," in ji ta.

Ranar wata Asabar na fito da sifana a ƙofar gida, na ɗaure duk notin da na gani, na cusa kwali. Ina cikin zufa sai ga Malam a kan kekensa. Ya buɗe ƙofar, ya rufe, ya kasa kunne. Sai ya nuna mini ɗan ƙarfen nan na jikin mota wanda makullin ƙofa ke cafkewa. Ya cinye, shi ya sa ƙofar take rawa a kansa.

"Sani, lafiyar ƙofarka ƙalau. Riga kawai take so."

Ya zaro guntun jemammiyar fatar akuya, ya yanka siriri, ya naɗe ƙarfen tam, ya ɗinke. Yana yi yana ɗaga murya don Inna ta jiyo daga zaure. Wai farkon zuwan Turawa, da motar wani Bature ta biyo ta yankinsu ƙofarta na ƙara, kakansa aka kira ya yi mata irin wannan rigar, yana aikin yana addu'a don bai taɓa ganin mota ba. Daga nan abin ya zauna a gidansu.

Ya tura ƙofar. Ɗif.

Inna ta leƙo ta ce ta ji, amma ita fa ba ta shiga.

Malam bai yi musu da ita ba. Ya shige baya, ya jingina duk nauyinsa a kan ƙofar, ya ce, "Hajiya, ki zauna ta can. In ta buɗe ni zan fara faɗuwa, ke sai ki ba da labari."

Inna ta yi dariya har da tari. Ta ɗauko mayafi.

Da gangan ya sa na bi hanya mai gargada. Ko uffan ƙofar ba ta ce ba. Ranar Litinin muna asibiti, kuma tun daga lokacin Inna ba ta sake tsallake ranar likita ba. Ƙafarta tana nan, da ita take zuwa unguwa. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, bayan ikon Allah, Malam Garba ne sila.

Ganina da shi na ƙarshe bayan ƙaramar sallah ne, a Aujara. Ya rako ni bakin mota yana dogara sanda, ya buɗe ƙofar nan ya ga fatar ta siɗe. Ya sa aka kawo wata, sai ya miƙo mini basillar.

"Hannuna rawa yake yanzu. Yi ina kallo."

Ɗinkina ya karkace. Ya ce, "Ba shi da kyau, amma zai riƙe."

Ya riƙe kuwa.

Yau da na shiga na gaya wa Inna, kafin in rufe baki ta ce in fito da mota. Da kanta ta zaɓi gefen ƙofar nan ta zauna. Har muka yi nisa babu mai magana, babu rediyo, ƙofa tsit. Can sai na ji ta ce, "Da ma yau ta yi ƙara. Shirun nan ya yi mini yawa."

A nan ne na sauka gefen titi na yi kukana.

Mun samu jana'iza. Ya Allah Ka gafarta wa Malam Garba, Ka yalwata kabarinsa, Ka buɗe masa ƙofar rahamarKa, Ka ba iyalinsa haƙuri. Duk wanda ya karanta wannan, ina roƙonka ka tsaya ka yi masa addu'a kafin ka wuce.