Maiwarmu Ba Ta Nuna Ba

Waɗanda ke wurin ranar nan su ne ni, da yayata Lantana, da kakarmu da muke kira Inna, sai Baba da ya zauna nesa da wuta, tuwo na hucewa a gabansa. A ƙauyenmu ne, can wajen Rijau, bayan magariba.

Ƙauyuka biyar ne suka haɗa kai saboda ɓarayin shanu, kowanne ya tura wakili, Baba ne namu. Haɗuwar ta yi amfani, sata ta ragu. To amma ran nan ya dawo daga taro da labarin an tsayar da rana ɗaya ta sakin shanu cikin gonaki, Juma'a mai zuwa, shi ma ya amince. Sauran ƙauyukan gero suke shukawa, tuni sun girbe. Mu maiwa muke yi, ko nuna ba ta yi ba. In aka saki shanu, abincin shekara ya tafi.

Inna ta gyara zama. Ta tura itace cikin wuta, ta shiga tatsuniya ba tare da buɗewar da ta saba ba.

Wai shaho ne ya dami tsuntsaye, suka ce kowace bishiya ta turo wakili. Jemagun wata bishiyar kuka suka tura kurciyar da ke kwana a reshensu, don ta iya magana. A taro aka yanke kowa ya fita kiwo da rana a tare, in duhu ya yi ba mai motsi. Kurciya ta ga manya sun yarda, ta ji kunyar musu. Shaho ya daina samun kowa. Jemagu kuwa, da ba su iya kiwon rana ba, suka fara faɗowa ƙasa don yunwa.

Lantana ta ce, "Inna, to su fita daga haɗuwar mana."

"Su fita? Ranar da shaho ya sauka a kukarsu, wa zai taya su?"

Daga inda yake Baba ya ce, "Inna, huɗu fa suka yarda. Ni kaɗai zan ce a'a?"

Ɗan farin Inna ne, ba ta faɗin sunansa. "Kai wannan, wa ka tambaya kafin ka ce to?"

"An ce magana ta ƙare."

"A can ta ƙare. Nan ko farawa ba ta yi ba."

Ba ta ƙarasa tatsuniyar ba, mu ma ba wanda ya nemi a ƙarasa.

Yau ina Kontagora, na tsufa. Ban taɓa zama a aji ba, amma in na ji a rediyo ƙasashe sun haɗu sun yanke wa mutanensu wani abu, tambayar Inna ce ke fara zuwa min. Ba na ƙin haɗuwa, na ga ranarta. Wanda aka aika ne nake sa wa ido, ko da ɗana ne.

Washegari Inna ta shiga gona ta karyo zangarniya ɗanya, ta bi gida-gida ta tara masu maiwa. A gabansu ta matse ƙwayar, farin ruwa ya fito. Ta miƙa wa Baba, ta ce ya koma wurin sauran wakilan da ita, mutum biyu su raka shi su ji abin da zai faɗa. Da suka tafi, ta ɗauki sandarta ta je ta zauna a bakin gona.