Biro a Shagon Baba

Bayan na fita takaba ban koma Yamai ba. Can muka zauna da mijina shekara shida, shi yana koyarwa a lekol, ni ina aiki a wani kamfani mai tsara cikin gidaje: mu zaɓi launin bango, mu auna labule, mu ce ga inda kujera za ta zauna, ga ta inda haske zai shigo. Kwana tara ya yi a gidan likita ya rasu. Yayana ya je ya ɗauko ni zuwa Damagaram, na yi takabar a ɗakin Inna, cikin Birni. Da kwanakin suka cika aka yi sadaka, mata suka watse, ni kuwa na ci gaba da zama a kan tabarmar nan kamar ba a gaya mini an gama ba.

Ba kuka nake yi ba. Da kuka ne, da Inna ta san yadda za ta yi da ni. In an kawo tuwo in ci, in an ce in yi wanka in yi. In an zo gaisuwa in amsa daidai yadda ake amsawa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci Yaya ya shigo da makulli a hannu.

"Sa mayafinki ki zo ki ga wani abu."

Shagon Baba ne, wanda ke jikin gidanmu, ƙofarsa na kallon titi. Baba fata yake sayarwa, jakunkuna da takalma da filo, kuma tun rasuwarsa shekara huɗu ba wanda ya buɗe wurin. Warin jima na nan bai fita ba. Zanzaro ya yi gini a kowace kusurwa.

"Nan za ki yi aikinki," in ji Yaya. "Garin nan kowa gini yake yi, ba mai gaya musu yadda za su yi da cikin ɗakin."

Na ce, "To."

Shi ya yi kusan komai. Kullum ya taso daga biro, wato ofis, da la'asar sai ya tuɓe rigar aiki ya hau share-share. Ya kira magini ya toshe inda bango ya tsage, ya sa aka ja wuta daga cikin gida. Da aka zo kan fenti ya tambaye ni launin da nake so, na ce duk wanda ya ga dama. Ya sayo kore mai haske. Ina tsaye mai fenti ya fara shafawa, kuma na san ba daidai ba ne. Ɗakin ƙarami ne, tagarsa na kallon yamma, koren zai ɓata launin duk yadin da na shimfiɗa a gabansa. A Yamai da na tsayar da aikin nan take. Nan kuwa na sani, na kuma yi shiru har aka gama bango huɗu.

Kafintan da Yaya ya kawo don tebur tsoho ne, abokin Baba tun ƙuruciya. Ya tambaye ni tsawo da faɗi. Na ba shi amsar da na saba bayarwa.

Ya cire fensir daga bayan kunne ya dube ni. "Ƴata, ni ba na yanka katako a kan duk yadda na ga dama. A tsaye kike aiki ko a zaune?"

Sai da na yi tunani. "A tsaye, Baba."

"To tsaya yadda kike tsayawa."

Na tsaya, na lanƙwasa hannu kamar ina zane. Ya ja metir daga ƙasa zuwa gwiwar hannuna ya rubuta a jikin wani guntun katako. Ya ce in nuna masa faɗin takardar da nake zane a kai, na ware hannuwa, ya auna tsakaninsu. Bayan kwana biyar tebur ya iso a kan amalanke, kuma ban taɓa aiki a kan wanda ya yi mini daidai kamarsa ba.

Kwalayen da aka kwaso daga Yamai ni na buɗe su da kaina. Guntayen yadi na gwaji, littafin launuka, ordinata wato kwamfuta, fensira. Na jera su a kan kantar da Baba yake jera takalma. A kwali na ƙarshe na tarar da takardun jarrabawar ɗaliban mijina, waɗanda suka haɗa kayan sun sa su ciki bisa kuskure. Ya gyara rabi da jan alƙalami, rabi bai kai gare su ba. Na zauna riƙe da su ina jira in ji wani abu a ƙirjina. Na daɗe ina jira. Daga baya na ɗaure su da zare na sa a kantar ƙasa.

Ranar da aka gama Inna ta shigo da kaskon turaren wuta ta zagaya ɗakin tana addu'a. Ta ɗaga kai ta dubi bango ta ce, "Wannan kore sai ka ce gidan likita." Sai ta kama bakinta. Yaya ya sunkuyar da kai, ya ce gobe zai sa a sake. Na ce a bar shi, ba komai. Da gaske nake, ba komai ɗin ne.

Sati uku ina buɗewa da safe in rufe da azahar. Masu leƙowa tambayarsu ɗaya, ko ina ɗinki.

A sati na huɗu wani ɗan kasuwa ya zo da mahaifiyarsa daga Gaffati. Ya gina mata ɗakin siminti, ya shimfiɗa karo, wato tayil, a ƙasa, ya sa babban gado, amma wata biyu ke nan ta ƙi kwana ciki, tana tsohon ɗakinta na ƙasa. Yana so in ƙara wa ɗakin kyau, labule masu nauyi da kujeru, ko za ta yarda. Tsohuwar ta ƙi kujerar da na ba ta, ta zauna a ƙasa. Da aka kira shi a waya ya fita, sai ta matso.

"Ƴata, ɗakin santsi gare shi, tsoron faɗuwa nake. Gadon kuma in na zauna ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Kada ki gaya masa, ya sha wahala a kansa."

Washegari muka tafi Gaffati da tsohon kafintan. Damina ce, gero ya kai ƙugu a gefen hanya. Na sa ya rage ƙafafun gadon. Muka shimfiɗa tabarmin kaba tun daga ƙofa har bakin gado, muka fitar da wani dogon madubi da ke razana ta in ta shigo. Ɗan ya tsaya yana kallo, ransa bai so ba, don ya zaci mota guda ta kaya zan kawo. Amma da ya ga uwarsa ta aika a kwaso ƙorenta da faifanta daga tsohon ɗaki, sai ya bar mu muka ci gaba da aiki.

Ina buga ƙusoshin da za ta rataye kayanta, tana zaune bakin gado ƙafafunta biyu a ƙasa, ta tambaye ni ko maigidana ya san na zo nesa haka. Na ce ya rasu, wata bakwai ke nan. Ta yi masa addu'a, ta ce nata ma ya daɗe da tafiya.

Ban san abin da ya sa na faɗa mata ba, ban faɗa wa Inna ba. Na ce, "Iya, ni har yau ban ji komai ba."

Ba ta yi mamaki ba. "Ni sai da aka yi girbi biyu. Ina tsakiyar surfe abin ya zo mini, na ajiye taɓarya." Ta nuna bango da haɓa. "Wannan ƙusar ta yi sama, hannuna ba zai kai ba."

Na zare ta na sauko da ita kamar taƙi ɗaya. Ta miƙe ta gwada, ta rataye faifanta. Ta ba mu wake a ƙwarya, muka kamo hanya kafin hadari ya haɗu.