Ganyen Magaryar da Na Ɗauko wa Gwaggo

Har yau idan mota ta wuce ƙofar gidanmu tana dukan ƙirji da kiɗa, sai in ja tsaki. Ƙanin mijina ne ya jawo min wannan.

Wata tsohuwar mota gare shi, yana jigila tsakanin Ƙafin Maiyaki da Kwanar Dangora. Fasinja bai dame shi ba, burinsa a ji tahowarsa tun daga Yako. Ya cire tayar ko-ta-kwana daga but ɗin baya, ya dasa akwatin sifika kamar akurkin kaji, ya ɗaura masa amfilifaya, na'urar ƙara sauti irin ta masu biki. Duk lokacin da ganga ta buga, fitilun motar sai su lumshe. Ni da ban san komai a mota ba na gane tana shan wuya.

Ranar da wani mai gyaran wutar mota ya zo duba ta, ina zaure ina shara, duk na ji su. Ya ce masa altanetar motar, wato mai cajin batir, ƙarama ce, an yi ta ne don fitila da fanka da tafiyar inji. Wutar da amfilifayar ke zuƙa ta fi wadda altanetar ke bayarwa. Sai a haɗa abin da motar ke ci da abin da kiɗan ke ci, a sa altanetar da ta haura su duka, a canja waya mai kauri.

"Ƙaro min batir kawai," in ji gogan.

"Batir randa ce, altaneta ce rijiya. Ko randa goma ka jera, rijiyar ce dai ba ta kawowa."

Ya ƙaro batir ɗin. Altaneta tana cikin bonet, ba mai ganinta balle ya yaba. Kuɗin sai ya sayo fitilu shuɗaye ya zagaye sifikar da su.

Gwaggona ta garin Doguwa ita ta riƙe ni tun ina ƙarama. Ta sha gaya min, har a gaban mutane, cewa idan ta riga mu gidan gaskiya ni zan yi mata wanka, ba ta yarda wani hannu ya taɓa ta ba. Ina mayar da maganar wasa, ita kuwa ba wasa take ba. Wata safiya ta bazara aka bugo waya ta cika. Suka ce za su jira ni, amma zafin nan ba zai bari a wuce azahar ba. Mijina yana Kano. Na tsinko ganyen magarya a bayan gida na ƙulle a gefen mayafi, na shiga motar ƙaninsa. Baffansu, dattijo mai nauyin kunne, ya zauna a gaba.

Muna hawa titi ya kai hannu zai kunna. Na ce, "Kai, gidan rasuwa za mu."

"Haba Yaya, ni mahaukaci ne? Karatu zan sa."

Ya sa karatun Alƙur'ani, ya ƙure murya har gilashi na kakkarwa. Ya sauke tagogi. A Kwanar Dangora har rage gudu ya yi, don 'yan tasha su ga mai tsoron Allah. Karatun da ake saurare da natsuwa ya mayar abin burga, ni kuwa akwatin yana dukan bayana.

Bayan Tudun Wada wata jar fitila ta kama a gabansa. Sai warin ƙonanniyar waya. Na tuna maganar rijiya, na ce ya kashe don Allah.

"Subhanallahi! Karatun zan kashe?"

Baffa, wanda sai ranar ya ji karatu radau a kunnensa, ya juyo ya ce, "Bar shi, 'yar nan. Ladan mamaciyar ne."

To, wace ce ni, mace a kujerar baya, da zan sake cewa a kashe karatu a gaban surukina? Gogan ya san haka sarai, shi ya sa ya leƙo ni ta madubi.

A tsakiyar dajin Falgore karatun ya fara shaƙewa, motar ta yi tari, ta mutu. Altanetar ta ƙone, batiran biyu duk sun zube. Ya fita ya buɗe bonet yana ƙare mata kallo kamar yau ya fara ganinta. Waya ba sabis. Motocin da ke wucewa a cike suke, kuma ba mai son tsayawa a dajin nan. Ina tsaye a bakin titi ina ɗaga hannu, inuwata tana guntulewa a ƙarƙashina. Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar ranar ba. Da ƙyar wani mai a-kori-kura ya tausaya, ya ɗora ni kan buhunan masara.

A bakin unguwa na gamu da maza suna dawowa, makara a kafaɗa ba kowa a ciki. Wata maƙwabciya ce ta yi mata wankan, matar da Gwaggo ba ta ko cin tuwonta.

Da la'asar aka jawo motar ƙanin mijin nawa da igiya. Ya shigo ya durƙusa, ya yi min gaisuwa, ya ce, "Yaya, haƙuri. Allah ne bai nufa ba." Wai har Allah zai jingina wa altanetarsa. Ban ɗago na dube shi ba.

Na tashi na zaga bayan ɗakin Gwaggo, inda aka yi wankan. Ƙasar ba ta gama bushewa ba. Na tsuguna, na kwance gefen mayafina, na zube ganyen magaryar a kan damshin.