Ranar da Abokin Igiyata Ya Ƙi Ɗaure Ni

Riyad ba ta da teku, ko kogin kirki ba ta da shi, amma shekara huɗu na yi ina shiga kwale-kwale kullum safiya. Haka muke kiran dandamalin ƙarfen da ake zuro mu a ciki daga saman dogayen benaye mu wanke gilashi. Wayoyi biyu ke riƙe da shi, in iska ta taso ya riƙa lilo da mu, wanda ya cika cikinsa da wake da safe ya gane kurensa. Mu huɗu ne a ciki: ni, da wasu wa da ƙani 'yan Damagaram, da wani mutumin Maraɗi da ya girme ni da kusan shekara goma, wanda nake kira Yaya. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Jaradiya, tukunya ɗaya muke ci.

Aikin yana da wata ƙa'ida da ba kamfani ne ya kafa ba, mun tarar ana yi ne. Kowa na da igiyar tsaro da ake ƙullawa a bayan ɗamararsa, inda idonsa ba ya gani, saboda haka ba ka ɗaura wa kanka. Abokin igiyarka ne zai ƙulla, ya fizga sau biyu, ya ce ya ɗaure, kai kuma ka ce ka amince. In bai faɗa ba, ba ka hawa, kuma ko mudir, wato mai kula da aikin, ba ya tilasta shi. Yaya ne abokin igiyata. Da bakinsa na Maraɗi yake cewa, "Na ɗamre." Ni kuma sai na kwaikwaye shi don tsokana kafin in ce, "Na amince." Sau nawa muka yi haka, Allah kaɗai ya sani.

A shekara ta huɗu kamfani ya samu wani bene mai hawa talatin da 'yan kai. Aka ba mu fuskar gabas, aka ba wasu 'yan Bangladesh ta yamma. Mudir, wani Basudane mai magana da yatsa, ya ce aiki ya ja baya, waɗanda suka riga gamawa su za a riƙe. Shi ke nan aka shiga tsere. Ni kuwa abin ya zo min biyu, don saura wata guda iƙamata ta ƙare, takardar da in babu ita babu zama a ƙasar, kuma kafilinmu, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamanmu, ba ya sabunta wa wanda ya ga alamar zai zame masa kaya. Ina da mata da 'ya'ya uku a Gusau, ga ginin gidana ya tsaya a linta.

To a wannan lokacin ne ciwo ya ga dama ya zo. Zazzaɓi ya fara, ya yi kwana uku ya sake ni, ya bar min jiri. In na ɗaga kai sai in ga benen yana shirin kwantawa a kaina. Ranar Juma'a bayan la'asar na tara su a ɗaki, na ce su rufa min asiri har a buga iƙamar, daga nan in kai kaina asibiti da ƙafata. Yaya ne ya fara magana.

"Wanga ai ba abin roƙo ba na, ƙanena," in ji shi. "Ciwonka namu na."

Kuma sun yi, ba zan ci haƙƙinsu ba. Da zarar kwale-kwale ya sauka inda mudir ba ya hango mu, sai su kifa bokiti a tsakiya su zaunar da ni, su ukun su raba gilasaina. Ƙaramin ɗan Damagaram yakan jiƙa tsumma ya ɗora min a wuya, yana tsokanata wai na zama Alhaji mai kamfani. Yayansa ya ɗauke min girki. Yaya kuwa ya wuce duka. Shi ke dama min kunun tsamiya kafin mu fita, shi ke wanke min kaya. Ranar da jiri ya kwashe ni a banɗaki, shi ya shigo ya ɗago ni, ya rufa min zani, bai taɓa tayar da maganar ba ko da wasa. In matata ta kira ta ji muryata ta canja, ya karɓi wayar ya ce mura ce. Na taɓa ce masa ko ɗan'uwan da muka sha nono ɗaya iyakar abin da zai yi ke nan, kuma har zuciyata na faɗa.

Sai dai hannu shida ba ya aikin takwas. Kullum da yamma in muka sauka, sai mu tarar 'yan Bangladesh sun ba mu ratar hawa guda, daga baya ta koma biyu. Ba wanda ya ce min komai, amma hira ta ragu a ɗaki. Abin ya dame ni. Wata Laraba a hawa na ashirin da biyu na ce yau kam sai na taɓuka, na miƙe na ɗauki abin goge gilashi. Ban kai ga gilashin ba duniya ta juya. Na zube a kan gwiwa, ƙafata ɗaya ta zurma ta gefen dandamalin, igiya ta riƙe ni. Abin gugar ya suɓuce ya tafi ƙasa. Muka bi shi da ido har ya fashe a bakin ƙofar shiga, inda mutane ke wucewa. Allah ya kiyaye, ba kowa a wurin.

Da yamma Yaya ya ce in kwanta gobe. Na ce kwanciya sai da takardar likita, takardar likita kuwa ita ce tikitina na gida. Saura kwana tara. Na kama hannunsa na ce, "Yaya, kwana tara kawai." Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ni kuma na ɗauki shirunsa a matsayin amsa.

Washegari da safe muna saman bene, mudir na tsaye da kofin shayinsa. Na sa ɗamara na juya wa Yaya baya kamar kullum. Na ji shiru. Ba hannu, ba fizga.

"Yaya, rana na yi," na ce.

"Ba ni ɗamre ka yau, ƙanena."

Na zaci wasa ne, har na yi dariya. Mudir ya ɗaga yatsa ya ce, "Yalla, yalla, me ake jira?" Sai Yaya ya juya ya gaya masa da guntun Larabcinsa cewa ba ni da lafiya, kaina na juyawa, yau mako uku. Har maganar bokiti sai da ya faɗa.

Na waiwayi 'yan Damagaram, don ko ɗayansu zai iya ɗaure ni. Dukansu suka sunkuyar da kai suna kallon takalmansu. Nan na gane sun gama shawara ba da ni ba, wataƙila ma ina shan kunun da ya dama suna yi. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na ce masa, "Ashe in da amana ruwa ba zai dafa kifi ba." Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta su a nan ba. Shi kuwa yana tsaye da igiyata a hannu.

Asibiti suka ce hawan jini ne, ya yi sama sosai. Takarda ta je wa kafili, maimakon iƙama ya buga min huruj, fitar da ba dawowa. Kwana biyu da faruwar abin aka sa wa su Yaya wani sabon mutum mai ƙarfi a kwale-kwale, suka kamo 'yan Bangladesh, suka wuce su. Aka riƙe su. Wannan shi ne abin da ya tsaya min a wuya. Duk wanda na ba labari sai ya ce ai raina Yaya ya ceta, da ran wanda abin gugar zai faɗo wa. Na ji, ban musa ba. Amma ba wanda ya iya gaya min ko zai buɗe baki a gaban mudir da a ce muna gaba a tseren. Ni ma ban sani ba, kuma ina zaton shi kansa bai sani ba.

Sauran kwanakin da na yi a ɗakin Yaya bai daina dama kunu ba. Ya ajiye a gefen katifata, ya dawo da yamma ya tarar ya yi sanyi, ya zubar, ya wanke kofin. Gobe ya sake.

Ranar tafiyata zif ɗin jakata ya fashe, kaya na leƙowa. Ina kokawa da ita sai ya tashi ya ɗauko wata tsohuwar igiyar aiki, ya durƙusa ya naɗe jakar, ya yi ƙullin nan da na sani ko ido a rufe. Ya fizga sau biyu. Bai ɗago kai ba ya ce, "Na ɗamre."

'Yan Damagaram suna kallona, shi kuma hannunsa na kan ƙullin yana jira. Kalma biyu ce, na faɗe ta shekara huɗu ba tare da tunani ba. Na janye jakar daga ƙarƙashin hannunsa na fita, mota na jira.

Ƙullin bai motsa ba har Gusau. Yau shekara biyu ke nan, ina shan maganina, ina raye, ginin yana nan a linta. Duk Juma'a yana turo saƙon murya yana tambayar jikina, ina saurara har ƙarshe, kuma har yanzu ban amsa masa ba.